Sassarfa a Bakin Tekun Jidda

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai ni shan iska bakin teku ba, ranar da ƙafafuna suka tona mini asiri a gaban surukai. Har yau in matata Saudatu tana son kashe mini baki a gardama, ba ta cewa uffan, sai dai ta ɗaga yatsu shida. Bari in ba ku labarin yatsun nan.

Sana'ata turin arabiyya ce a Harami, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Shekara ashirin da takwas ke nan ina yi. A Sudan aka haife ni, na ƙetaro ina saurayi, na zauna a unguwar Nakkasa a Makka har aka rushe layinmu muka sauko unguwar Mansur. Da turin nan na yi aure, da shi na ciyar da gida, da shi 'yata Ruƙayya ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ranar da aka zo neman aurenta.

Mai nemanta, Faisal, ɗan unguwar Shisha ne, daga irin gidajen nan na Hausawa da kakanninsu suka zo Makka a ƙafa tun tuni, har suka zama 'yan ƙasa. Mahaifinsa, Ammu Bakur (Ammu kamar ka ce baffa ne da Larabci), tsohon shugaban makaranta ne. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai an tura shi a keke. Da aka shigo da shi ɗan falonmu, farar taguwarsa ta sha guga, ƙanshin turaren itace ya cika ɗaki, sai na ga labulenmu ya ƙara koɗewa a idona. Bayan an sha shayi ya dube ni, da Hausarsa irin ta mutanen Sakkwato mai gauraye da Larabci, ya ce, "Abu Ruƙayya, ina ake aiki?"

Na ce, "A Harami, Ammu."

Wannan dai gaskiya ce, da na tsaya nan da ban yi zunubi ba. Sai ya ce, "Masha Allah! Wane sashe?"

Na gyara zama na ce, "Sashen sufuri."

(A satin ne muka koyi rubuta kalmar sufuri a ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa. Ina jin shi ya sa take kusa da bakina.)

Ammu Bakur ya gyaɗa kai ya ce aiki ne mai albarka. Baƙi na fita Ruƙayya ta fito daga bayan labule, ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Baba, sashen sufuri?"

"To ƙarya na yi? Ba sufurin mutane nake yi ba?"

Saudatu tana tattara kofuna ta ce, "Ai kai ne motar, kai ne direban, kai ne man fetur ɗin. Babban mudiru ke nan, shugaban sashe guda."

Ruƙayya ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, ni Faisal ban ɓoye masa ba, na dai roƙe shi ya bari babansa ya ji daga bakinka. Wallahi ba zan shiga gidan mutane a kan maganar da ba haka take ba. In ba ka faɗa ba kafin ɗaurin aure, ni zan faɗa, kuma ka san yadda abin zai yi nauyi in daga bakina ya fito."

Na sani kuwa. In 'ya ta ƙaryata ubanta a gaban surukai, ko dai auren ya lalace, ko a yi shi amma ni in zama mutumin da ake gaisarwa ba a yarda da shi. Na ce mata zan faɗa. Sati ya wuce, biyu suka wuce, ana jiran takardar izinin auren ta fito, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa a Mansur ya shaida. Na taɓa tsayuwa rabin sa'a riƙe da keken wata tsohuwa don ta gama kukanta a gaban Ka'aba. Amma a lokacin na gane akwai haƙurin da ba haƙuri ba ne, tsoro ne ya ari rigarsa.

Har rubuta maganar na yi. Zama biyu na yi a aji kafin in haɗa layi uku, malaminmu ya duba ya gyara mini harafi ɗaya bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Layin farko cewa yake: Ammu, ni mai turin arabiyya ne. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba, ina yawo da ita kamar laya.

Ana nan sai Faisal ya ce ranar Juma'a zai ɗebi gidajen biyu mu je Jidda, a sha iska a bakin bahar, wato teku, a ƙara sanin juna. Ruƙayya ta dube ni, na gane kallon. Na ce a raina, to, ranar ce.

Mun isa bayan la'asar. Wurin da ya kai mu wani lungu ne da teku ya shigo cikin gari ya kwanta, ruwan ba ya hauka, sai ɗan motsi kamar mai numfashi a barci. An shimfiɗa doguwar hanyar tafiya a gefen yashi, sumul, ba tudu ba rami. Satin bikin ranar ƙasa ne, tutoci ko'ina. Mata suka shimfiɗa darduma a kan ciyawa ta ɓangaren titi, Saudatu da Ruƙayya da mahaifiyar Faisal, suka fito da fulas ɗin shayi, aka sayo balila, wani dafaffen wake mai romo, a ƙananan kofuna. Faisal ya ce mu maza mu ɗan taka.

Abin da zan faɗa zai ba ku mamaki: ni ban iya tafiyar shan iska ba. Duk tafiyar da na yi a duniya da dalili na yi ta, kuma da lissafi, zagaye bakwai, kai da komo bakwai. A nan kuwa ga mutane suna tafiya ba inda za su, wani hannunsa a baya, wani yana lasar askirim, wani ya jefa ƙugiya a ruwa ya zauna kamar bai damu kifi ya ci ko kada ya ci ba. Na rasa inda zan sa hannuwana. Na sa su a baya, na ji kamar ɗan sanda ya kama ni. Na sake su, suka riƙa neman abin riƙewa a gabana.

Ga kuma Faisal yana tura mahaifinsa. Yaron kirki ne, amma wallahi bai iya turi ba. Ya sandare hannu, ya sunkuya kamar mai neman allura, da ƙarfin kafaɗa yake turawa maimakon nauyin jiki. Duk inda duwatsun hanya suka haɗu sai ya tsaya cak, ya lallaɓa, kamar faranti ya ɗauko cike da ƙwai. Ina kallo zuciyata tana ƙaiƙayi. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya matso da gwiwar hannunsa jikinsa, sai in tuna ni ma'aikacin ofis ne, in haɗiye.

Da muka kai ƙarshen lungun za mu juyo, wayarsa ta yi ƙara, daga wurin aikinsa ne. Ya dube ni ya ce, "Ammi, don Allah ka ɗan riƙe mini Abuya, minti biyu."

Kun san abin da na ce? Cewa na yi, "To, a ina ake kamawa?"

(Allah ya yafe mini. Mutumin da ko ido rufe zai iya kwance keken nan ya mayar.)

Faisal, wanda ya san komai, ya sunkuyar da kai ya nuna mini mariƙin. Na kama da yatsu uku kamar ina tsoron zai cije ni. Na yi taku biyar a karkace da gangan. Amma da muka zo wani ɗan dakali, ƙafata ta dama da kanta ta taka ƙarfen baya, gaban keken ya ɗaga, muka haye ko girgiza babu. Ammu Bakur ya ɗan waiwayo ya dube ni.

Muka kama hanyar dawowa, Faisal yana can baya da waya a kunne. Rana ta sauka ta yi ja a kan ruwa. Tsohon ya nuna teku da haɓa ya ce, "Ka ga ruwan nan? Ta nan kakana ya shigo. Shekara bakwai shina hanya daga Sakkwato, ya yi noma a Chadi, ya ɗebi auduga a Sudan, ya binne mata ɗaya a hanya. Mu jikokinsa kuwa daga mota zuwa bakin masallaci sai mun nemi inuwa."

Na ce ni ma ta nan na shigo, a jirgin ruwa, da jaka ɗaya da takalmin da ya yi mini yawa. Na daɗe ban tuna wannan ranar ba. Makka duwatsu ne suka kewaye ta, ido ba ya tafiya da nisa, sai ga shi yau idona ya tafi har inda ruwa ya haɗe da sama bai ci karo da komai ba. Na tuna ranar da na sauka, abin da na roƙi Allah shi ne aikin halal kusa da Ɗakinsa, ko wane iri ne. Ya ba ni daidai abin da na roƙa, yau kuma ni ne nake sauya masa suna don wani ya zo gidana da taguwa mai guga. Na ji takardar tana taɓa ƙirjina. Na ce yanzu zan faɗa. Sai na ce bari mu wuce masu kamun kifin can. Muka wuce su. Na ce bari mu wuce mai sayar da masarar nan. Ina ta maimaita layin farko a zuciya, Ammu, ni mai turin arabiyya ne, Ammu, ni mai turin arabiyya ne, hankalina gaba ɗaya ya bar jikina ya koma aljihu.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, tsakanin Safa da Marwa akwai wani wuri da aka jera korayen fitilu a sama. In namiji ya shiga ƙarƙashinsu sai ya yi sassarfa har ya fita, mu ma masu turi mukan ƙara sauri, muna buɗe hanya da baki, muna biya wa alhaji addu'ar wurin. Ni na shiga ƙarƙashin fitilun nan sau adadin da Allah kaɗai ya sani.

To, a hanyar bakin tekun an kafa wasu ƙarafa masu lanƙwasa a jere, an naɗe su da fitilun biki. Da za mu wuce ɗazu da rana ko kallonsu ban yi ba. Yanzu magariba ta kawo jiki, muna sa ƙafa a ƙarƙashinsu aka kunna. Kore shar, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ku haɗa da kanku: ƙasa sumul, mutane cikin fararen kaya suna kai da komo, tsoho a keke, hannuwana a mariƙi, ga koren haske a kaina.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Ji kawai na yi iska tana bugun fuskata. Ina gudu. Bakina ya buɗe da muryar nan tawa ta aiki, wadda ake ji daga nesa: "Tarig, ya hajj! Hanya! Tarig, ya hajja!" Mutane suka riƙa darewa, wani ya janye matarsa, wani askirim ɗinsa ya faɗi, wata kyanwa ta haye katanga. Na ratsa tsakanin wasu mutum biyu da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, ban taɓa ko rigar ɗaya ba (wannan kam, ko a cikin abin kunya, aiki ne mai kyau). Iska ta ɗebe guturar Ammu Bakur, mayafin nan da suke yafawa a ka, ta yi baya da ita. Ni kuwa na sunkuyo daidai kunnensa na ce, "Maimaita, Alhaji: Rabbigfir warham!"

Kuma na ji ya maimaita.

Koren na ƙarewa na sassauta, daidai yadda ake yi. Har lokacin ban farka ba. Na ci gaba da taku har wani ɗan hawa da ke kaiwa kan ciyawa, ƙafafuna suka ce Marwa ce. Na hau, na juya keken ya bai wa teku baya ya fuskanci alƙibla, na taka birki, na ce, "Ɗaga hannu ka yi addu'a, Alhaji. Ɗaya ke nan, saura shida."

Daga Jidda alƙibla gabas take. A gabas ɗin kuwa, taku huɗu daga inda muka tsaya, dardumar matanmu ce. Saudatu riƙe da fulas, shayi yana zuba ya cika kofi yana malala ba ta sani ba. Mahaifiyar Faisal ta dafe ƙirji. Ruƙayya ta rufe fuska da hannu biyu. Can sai ga Faisal ya iso yana haki, waya a hannu ɗaya, guturar ubansa a ɗayan.

 Na ji ƙarar ruwa yana taɓa yashi, na ji gumi yana bin bayana. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Sai na ga kafaɗun tsohon suna rawa. Na ce shi ke nan na tayar wa mutum ciwon zuciya. Na zagayo gabansa na durƙusa. Ashe dariya yake, irin wadda ba ta da sauti, hawaye har gemu.

Da ya samu numfashi ya ce, "Sashen sufuri, ko?"

Na ce, "Ammu, ni mai turin arabiyya ne." Ta fito sumul, ba ko gargada. Amfanin me, bayan duk bakin teku ya riga ya sani?

Ya karɓi guturarsa ya share ido. Ya yi wa Faisal alama ya matsa, sannan ya rage murya yadda mata ba za su ji ba.

"Abu Ruƙayya, tun ranar da muka gaisa na ji tafin hannunka. Shekara talatin da biyar ina gaisawa da masu riƙe biro, biro ba ya yin irin wannan kanta. Na sani. Jira nike in ji daga bakinka."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Turin bai dame ni ba. Mutumin da ya ɗauki iyayen mutane ya cika musu ibadarsu, mi zan raina a gare shi? Abin da ya yi mini zafi, ka dube ni ka ɗauke ni irin wanda ake ɓoye wa haka. Da ka bari har aka ɗaura, ɗiyakka zan karɓa hannu biyu, yarinyar kirki ce. Amma kai, ko gaisuwa ka yi mini sai na bincika."

Wannan maganar ta fi gudun da na yi ƙona ni. Duk tsawon makonnin nan ina tsoron kada ya raina ni, ban taɓa tunanin ni ne na fara raina shi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, amma ba don bakina ba, don ƙafafuna, su ne suka yi gaskiya.

Sai ya juya yana kallon fitilun. Ya ce, "Shekara huɗu rabona da sassarfa. 'Ya'yan nan in sun kai ni umara, a motar lantarki suke sa ni, a can saman bene, kamar kaya. Yau na ji iska a kunnena." Ya bugi hannun keken. "Kai ka ce saura shida. Ni ban san mai sufurin da ke sauke fasinja a tsakiyar hanya ba."

Kiran salla ne ya cece ni daga shidan nan, muka nufi masallacin da ke gefen ruwa, wannan karon na kama mariƙin da hannu biyu kamar yadda na saba, ina nuna wa Faisal inda ake ajiye gwiwar hannu. Amma bai manta ba. Sati biyu bayan ɗaurin aure ya sa aka kira ni, na kai shi umara, a ƙasa cikin jama'a, muka yi bakwai ɗin cif. Duk shigarmu ƙarƙashin kore sai ya dafe guturarsa da hannu ɗaya ya ce, "Yalla, mudiru!"

A mota muna dawowa daga Jidda a ranar, Ruƙayya ta leƙo daga kujerar baya ta raɗa mini, "Baba, cewa na yi ka faɗa musu, ban ce ka gwada musu ba." Na sa hannu a aljihu na ciro takardata. Gumi ya jiƙa ta, tawadar ta narke, layi ukun da na sha wahalar rubutawa sun zama shuɗin tabo guda.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka ɓoye sana'arka, to ka tabbata harshenka kaɗai ya san ta. Tawa kuwa ta shekara ashirin da takwas tana cikin cinya da tafin hannu, kuma su ba a yi shawarar ƙaryar da su ba. Yanzu duk wanda ya tambaye ni aikina, tun bai rufe baki ba nake faɗa masa. Har yau dai ban iya tafiyar shan iska ba, amma ina koyo a hankali, kamar karatun. Sai dai in muka fita da Saudatu ta hango kantin magani ya kunna koriyar fitilarsa, takan riƙe mini hannun riga har mu wuce.